Katako Bakwai a Gindin Masai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Ban taɓa ajiye irin wannan littafi ba. Ragowar littafin lissafin 'yan ajina ne, na yage shafi uku na farko. Tun ranar Alhamis da aka kwantar da Baba a asibiti gidan ya yi mini girma, ba wanda zan yi wa surutu. Gara in rubuta.

Ranar Asabar aka yi masa aikin kwatangwalo. Likita ya ce aikin ya yi kyau, in ya soma takawa da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu za a sallame shi ranar 24. Yaya ya zo, tafiyar awa shida a mota. Ya tsaya a bakin banɗakin Baba ya leƙa, ya ja tsaki, ya ce in ranar sallama ta zo wurin nan bai gyaru ba, gidansa zai wuce da Baba, kuma ba zai dawo da shi ba. Banɗakin tsakar gida na tsuguno ne, wanda aka yi wa aikin ƙugu ba zai iya shi ba. Shekara tara ke nan muna zaune mu biyu ni da Baba, tun rasuwar Inna. Ban yi musu da Yaya ba, ba a cin nasara a kansa da baki. Gyara zan yi.

Banɗakin Baba, mai masai na zama, yoyo yake yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne inda ruwan yake fitowa. Na goge ƙasan tas da tsumma, na dawo bayan awa ɗaya, layukan da ke tsakanin tayil sun sake yin baƙi.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Na dawo daga makaranta na yi gwaji. Na shimfiɗa tsohuwar jarida zagaye da masai, na hana kaina taɓa komai. Ba ta jiƙe ba. Na buɗe famfon wanka, ba ta jiƙe ba. Sai na zuba bular wanki a cikin tanki na ja ruwa. Ban ƙirga ashirin ba shuɗi ya soma rarrafowa daga gindin masai, ta ɓangaren hagu kawai.

Me ya sa hagu? Na durƙusa ina kallonsa kamar wadda aka ba jarrabawa. Har na ji daɗi, Allah ya yafe mini, mahaifina yana kwance ni kuma ina murnar na gano hanyar ruwa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mai famfo ya zo. Gajere ne mai surutun tsiya, tun daga bakin ƙofa ya soma ba ni labarin gidajen da ya ceta. Ya sa gwiwa ya ɗan tura masai, sai ga shi yana lilo.

"Malama, ai wannan rawa yake yi, makaɗi kawai ya rasa."

Ya kwance noti biyu, ya sauke tanki, ya ce in kama masa gefe ɗaya. Da muka ɗaga, wari ya buge mu, na ja mayafi na toshe hanci. Robar da ke haɗa masai da bututu ta yage. Amma ba ita ya tsaya kallo ba. Ya sa yatsa ya zaro wasu 'yan guntayen katako masu siririn baki da kaurin gindi, irin wanda ake cusawa a ƙarƙashin abu don ya daina motsi. Ya ce weji ake ce musu. Ɗaya bayan ɗaya, har bakwai, duk a ɓangaren hagu.

"Malama, waye kafinta a gidan nan?"

Na ce Baba ne, shekara arba'in yana sana'ar kafin ya bari.

"Na rantse na sani. Kowa roba yake cusawa ko siminti. Kafinta ne kaɗai zai sa katako a inda ruwa yake. Katako ya sha ruwa ya kumbura, ya ƙara ɗaga masai, roba ta ƙara buɗewa. Shi a ganinsa gyara yake yi."

Zai zuba su a shara na ce ya ba ni. Na wanke su na shanya a kan taga.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yau sati ɗaya. Ba zan rubuta wannan ba tukuna.

Alhamis ɗin dai, da yamma

Mai tayil ya zo, mai famfo ne ya turo shi. Dattijo ne dogo, maganarsa kamar ana sayenta. Ya ce in ba shi cokali. Ya durƙusa yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da gindin cokalin, yana karkata kunne. Wani ya ce tim, wani ya ce kwal. Duk mai cewa kwal ya zana masa alli. Cikin talatin da shida, ashirin da tara sun sha alli.

Na roƙe shi ya bar ni in gwada. Gaskiya ne, ana ji. Mai kwal ɗin ya rabu da simintin da ke ƙarƙashinsa, a kan ruwa yake zaune. Na bi har falo ina ƙwanƙwasawa, sai da ya yi gyaran murya na tuna cokalin aiki ne.

Ya ce duka za a fasa.

Asabar, 8 ga wata, da azahar

An fasa. Abin da ke ƙasa ba siminti ba ne kuma, ya zama kamar yashin bakin rafi, in ka matsa da ƙafa ruwa ya tsatso. Sun kwashe baro huɗu. Danshin ya hau bangon da ya raba banɗakin da ɗakin Baba, na janye gadonsa na tarar fenti ya yi ƙuraje har kusan tsayin gwiwa. A gefen wannan bangon yake kwana.

Mai tayil ya zuba sabon siminti ya shafe. Na tambaye shi yaushe za a ɗora tayil, gobe ko jibi. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya yanko leda mai faɗin tafin hannu biyu, ya ce jibi in manna ta a ƙasa da salatif ta kowane gefe, kullum da safe in ɗaga in duba. In ta yi gumi a ciki, ƙasa ba ta bushe ba. Ranar da na ɗaga na gan ta a bushe, in kira shi.

"Kwana nawa ke nan?"

"Ƙasar za ki tambaya, Malama."

Saura kwana goma sha shida.

Lahadi, 9 ga wata, bayan na dawo daga asibiti

Baba ya rame, amma bakin yana nan. Ya ce nas ɗin safe hannunta kaushi kamar faso, ta rana kuma tana yi masa magana kamar ɗan yaye. Na ba shi labarin cokali da alli, ya yi dariya har ya riƙe wurin ɗinki. Can sai ya ce, yana kallon silin:

"Auta, masai ɗin fa? An ɗaga shi?"

Na ce an ɗaga.

"To."

Na jira. Shi ma ya jira. Sai ya ce in miƙo masa ruwa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na safe

Leda ta yi gumi.

Talata, da yamma

Katakan sun bushe, na jera su a kan teburin da nake duba aikin yara. Ba iri ɗaya ba ne. Na jera su daga wanda ya fi ruɓewa zuwa wanda ya fi sabunta, tunda wanda ya fi daɗewa a ruwa shi zai fi lalacewa.

Na farko ya yi baƙi ƙirin, amma har yanzu in ka shafa shi sumul yake, an goge shi, gefensa a miƙe kamar an ja da rula. Aikin Baba ne, ko a duhu na san shi. Na biyu da na uku haka. Na huɗu ba a goge shi ba, zarto kawai. Na biyar zarton ya kauce sau biyu, ana ganin inda ya soma ya fasa ya sake. Na shida ya tsage. Na bakwai ba katakon aiki ba ne ma, guntun sandar mofa ce aka fere da wuƙa. Na tuna watan jiya na yi ta mita wai wa ya rage wa mofa tsawo.

Na daɗe ina juya na bakwai ɗin a hannuna. Mutumin da ya taɓa sa Yaya ya sake ƙafar kujera sau uku saboda ta fi 'yan uwanta da kaurin farce.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu

Mai famfo ya biyo ya kawo sabuwar roba. Na tambaye shi abin da ke cina: me yake sa masai ya soma rawa tun farko?

"Ba ya rawa don kansa, Malama. Sai dai in ana jijjiga shi. Ko yara masu hawa, ko mai ƙiba sosai."

Ba yara a gidan nan, Baba kuma iska mai ƙarfi sai ta ɗauke shi.

Bayan ya tafi na ɗauko kujera 'yar tsuguno na ɗora a kan bokiti a daidai inda masai yake, na zauna. Na duba dama, na duba hagu. A bangon dama, daidai kafaɗa, fentin ya yi duhu ya yi santsi, faɗin tafin hannu. Na ɗora hannuna, nasa ya fi nawa girma. A hagu babu bango, babu abin kamawa. Na ce to in ni ce gwiwoyina suka ƙi, yaya zan tashi? Na tura bango da hannun dama, na dafa gefen kujerar da na hagu, na yunƙura. Bokitin ya karkata hagu, saura kaɗan in kife.

Na zauna a ƙasa a kan sabon simintin. Mai famfo ya ce katakon farkon ya kai shekara biyu a ruwa. Shekara biyu ke nan da Baba ya daina zama a tabarma ya ce wai kujera ta fi mutunci in baƙi sun zo. Tun lokacin kuma yake sakin famfo ya yi ta zuba in ya shiga, ni ina ta yi masa faɗan ɓarnar ruwa. Ashe nishinsa yake rufewa.

Ina gidan. Duk ina gidan.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Gumi. Na ari fankar maƙwabciya, yanzu biyu ke kaɗawa.

Yaya ya kira. Ya ce me ya jawo yoyon? Na ce roba ce ta mutu. Ba ƙarya na yi ba. Da na ajiye wayar na kwashe katakan na zuba a gwangwanin allura da zare, na rufe. In ya gan su ya gama samun hujja, ko banɗakin zinariya na gina ba zai bar Baba a nan ba.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

Baba ya taka daga gado zuwa ƙofa da ƙarfensa. Mai gashin ƙashi ta ce in ya gaji ya faɗa. Na ga gumi yana bin wuyansa, leɓensa yana rawa. Ta ce, "Baba, ka gaji?" Ya ce, "Wa? Ni?" Ya ƙara taku huɗu don ya ba ta haushi.

Da nakan yi alfahari da wannan halin nasa. Yau ji na yi kamar in girgiza shi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida

Gumi. Ya ragu, ɗigo ƙanana ne, amma gumi ne.

Talata, da la'asar

Na yi wauta. Na hura gawayi a kasko biyu na ajiye a banɗakin na ja ƙofa. Mai tayil ya biyo duba aiki, ya ga hayaƙi, ya fitar da kaskon da kansa. Sai da ya wanke hannu ya ce wuta sama kawai take busarwa, ta bar ruwan a ciki, ta kuma fasa siminti.

Na roƙe shi. Na ce saura kwana shida, na gaya masa zancen Yaya duka. Na ce ya ɗora tayil ɗin haka, wa zai sani?

"Wata shida zai yi lafiya lau. Daga nan ya soma cewa kwal. Tsohon da za ki kawo, da ƙarfe zai taka shi." Ya ɗauki hularsa. "In kina so akwai masu yi. Ni dai ba da hannuna ba."

Na ji haushinsa sosai. Mutum sai ka ce icce.

Laraba, 19 ga wata, da rana

Na samu mai yi. Wani ne da ke aiki a sabon ginin bayan makarantarmu. Ko ledar bai kalla ba, ya ce kwana ɗaya ya gama, har da wanke wuri. Na ce ya zo gobe ƙarfe takwas.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yau sati uku. Bari in rubuta.

Ina tsakar gida ina shanya, rediyo tana yi. Na ji famfonsa yana zuba, na ce a raina ya soma ɓarnar tasa. Na gama shanya, na yi shara, na ɗora ruwan zafi, na goge takalmina. Famfo yana zuba. Sai da na ga ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa zuwa falo na ƙwanƙwasa. Ya ce, "Ina zuwa." Da muryarsa ta kullum. Na koma na zuba shayi. Na sake dawowa, ya sake cewa yana zuwa. A karo na uku ban tambaya ba, na kira maƙwabci muka ɓalle ƙofar.

Yana kwance a ƙasa a cikin ruwa, ƙafarsa ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Tayil ɗaya ya zame daga wurinsa, yana gefensa. Likita ya tambaye shi tsawon lokacin da ya yi a ƙasa, ya ce minti biyar. Ni na san ya fi awa ɗaya. Bai kira ni ba ko sau ɗaya, ina nesa da shi da taku goma.

Na kira mutumin ginin na ce ya yi haƙuri, kada ya zo.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Leda ta yi gumi. Yaya ya iso da azahar.

Ya duba banɗakin, ya ga siminti tsirara da fanka biyu, ya fito. Maɓallin rigarsa ya cire a hanya, ya ce ina allura. Ina kicin na ce tana cikin gwangwani a kan teburi. Sai da maganar ta fita na tuna.

Na same shi a zaune, ya jera katakan a kan teburin. Abin mamaki, yadda na jera su haka ya jera, daga na farko zuwa na bakwai, shi da ba wanda ya gaya masa komai. Shekara shida ya yi a shagon Baba kafin ya tafi karatu.

"Daga ina?"

Na gaya masa. Na nuna masa tafin hannun da ke bango. Na ce ya yi faɗan in ji, na shirya.

Bai yi ba. Ya ɗauki na biyar yana bin inda zarton ya kauce da babban yatsa. Ya ce, "Ni na zaci santsi ne kawai ya kwashe shi." Can ya ce, "Ke ma ɓoyewa kika yi, Auta. Gidan nan kowa kafinta ne." Na yi dariya, sai dariyar ta juye ta zama kuka, ya bar ni na yi abina.

Lahadi, 23 ga wata, bayan asibiti

Yaya ya zazzage katakan a kan zanen gadon Baba, ba sallama ba gabatarwa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya dube su ya daɗe. Ya ɗauki na bakwai da yatsa biyu.

"Wannan wane ragon ne ya fere shi?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya ajiye.

"Ni ne," ya ce. "Hannun ya daina jin magana."

Yaya ya ce, "Baba, shekara biyu. Da ka faɗa, ƙarfe ɗaya za a kafa maka a bango, shi ke nan."

"Da na faɗa, da tun shekara biyu ina gidanka ina kallon bango. A gidan nan na san inda kowace ƙusa take. Uwarku a ɗakin nan ta cika."

Yaya ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce gobe dai dole su tafi tare, tunda wuri bai gyaru ba. In ya gyaru zai dawo da shi, amma da sharaɗi ɗaya. Ba tayil ba, ba ƙarfe ba. In ya kasa, ya buɗe baki ya ce ya kasa.

"Ba zan bar wa Auta mutumin da zai kwanta awa ɗaya a ƙasa yana cewa yana zuwa ba."

Ashe maƙwabci ya gaya masa. Baba ya juya fuska bango.

Litinin, 24 ga wata, da azahar

Sun tafi. Daga asibiti suka wuce, ko gidan bai gani ba. Na miƙa wa Baba jakarsa ta tagar mota, ya ce in riƙa shafa wa zartunansa mai.

Laraba, 26 ga wata, da safe

Gumi. Na dafa shayi kofi biyu, na zubar da ɗaya.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe shida da kwata

A bushe. Na ɗaga, na shafa, na kai ta taga na duba a haske. A bushe take ƙayau. Kwana huɗu kacal ta makara. Na zagi ledar, na zagi simintin, sannan na kira mai tayil. Ya ce a ƙara kwana ɗaya don a tabbatar. Wallahi mutumin nan zai kashe ni.

Litinin, 1 ga sabon wata, da yamma

An ɗora tayil. Mai kaushi na zaɓa, wanda ko da sabulu ba ya santsi. Mai famfo ya zaunar da masai a kan sabuwar roba, ya ɗaure, ya hau kai da gwiwa yana jijjigawa don in gani, ko gezau. Da suka tafi na bi duka talatin da shida da cokali. Duk tim.

Saura ƙarfen kamawa. Mai famfo ya ce a wane tsayi? Na ce ban sani ba, sai na tambayi mai shi.

Talata, 2 ga wata, bayan la'asar

Na kira. Yaya ya ce Baba yana cin abinci, yana takawa, amma har yau bai kira kowa ba. Jiya matar Yaya ta same shi ya maƙale tsakanin gado da kujera, ya fi minti ashirin a haka, da ta tambaye shi ya ce motsa jiki yake yi. 

Na ce a ba shi wayar. Na ce za a kafa ƙarfe, ina son awo. Na zaci zai ce ba ya bukata.

"Biyu za a kafa," ya ce. "Na dama a kwance, inci talatin da uku daga ƙasa. Na hagu a tsaye, daga ƙasa zai taso, a ɗaure shi da noti huɗu, ba biyu ba."

Na ce yaushe ya auna?

"Bara."

 Na rubuta talatin da uku a bayan hannuna.

Juma'a, 5 ga wata, da magariba

Sun iso. Yaya ya ce zuwa Lahadi zai zauna ya gani. Babbar jakar Baba tana cikin but ɗin mota, bai sauke ta ba, kuma ya tabbatar na ga bai sauke ba.

Baba ya shiga duba aiki kafin ya ko zauna. Ya kama ƙarfen dama ya girgiza da iya ƙarfinsa. Ya ciro tef daga aljihu ya auna. Ya ce mai famfo ya ci rabin inci, amma za a iya zama da shi.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe tara na safe

Sai na rubuta wannan yanzu.

Da safe Baba ya shiga banɗaki, ya tura ƙofa. Ni da Yaya muna falo, kofi a hannu, ba mai sha. Famfo bai zuba ba. Shiru. Ina kallon agogon bango, minti biyar, minti takwas. Yaya ya ajiye kofinsa. Minti goma sha biyu. Na yunƙura zan tashi, ya riƙe mini hannu ya girgiza kai. Na ji ƙarfen ya yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sannan nishi, a fili, ba abin da ya rufe shi. Sai shiru kuma.

Minti goma sha biyar.

"Auta."

Na dubi Yaya.

"Auta! Kina ji ko sai na aiko da takarda? Zo ki kama ni. Na kasa."

Ban san lokacin da na isa ba. Yana zaune, ya kimtsa jikinsa, hannu biyu a kan ƙarfe, ƙafar da aka yi wa aiki ta ƙi ɗaukarsa. Bai kalle ni ba. Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa, na ce ɗaya, biyu, muka miƙe tare. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Tunda nake ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan "na kasa" ba.

"Kin taka mini ƙafa," ya ce.

Da muka fito falo ba kowa. Ta taga na hango Yaya a bayan mota, yana kokawa da jakar.